Kwamfutar Haya a Fuskar Waya: Yadda Ake Farawa

Cikin saƙonnin da suka iso mana a makon jiya akwai na wata ɗaliba 'yar aji biyar, kuma tambayarta ce ta sa muka ajiye abin da muka shirya kawo muku. Ta ce a gidansu babu kwamfuta. Ɗakin kwamfutar makarantarsu kuwa sau ɗaya a mako ake buɗe wa ajinsu shi, mutum uku a kan na'ura ɗaya. Abin da take da shi kawai wayar yayarta ce da take ara da yamma. To sai ta ji ana cewa wai mutum yana iya hayar kwamfuta a intanet, ya buɗe ta a fuskar waya, ya yi aiki kamar tana gabansa. Shin gaskiya ne, ko wani sabon salon damfara ne? Ta ƙara da cewa akwai wani yaro a unguwarsu da ke tallar abin da ya kira RDP a WhatsApp, da araha kamar kyauta.

Gaskiya ne ana yi, ba damfara ba ce, mu kanmu muna aiki da irin wannan kwamfuta. Amma hajar yaron unguwar nan, ki yi nesa da ita. Za mu zo kan dalili. Bari mu fara da abin da ake haya ɗin.

Akwai kamfanoni da suka gina manyan ɗakuna a birane irin su Landan da Amsterdam da Frankfurt, suka cika su da kwamfutoci masu ƙarfi waɗanda ba a kashewa dare da rana. Irin wannan kwamfuta ita ake kira uwar-garke. Ɗaya daga cikinsu ta fi ƙarfin bukatar mutum guda, don haka sai a sa mata wata manhaja da ke yanka ta gida-gida. Ku ɗauka kamar gidan haya ne: gini ɗaya, wuta ɗaya, famfo ɗaya, amma kowane ɗan haya da ɗakinsa da makullinsa. Kowane yanki ana ba shi rabonsa na masarrafa, da ma'adanar wucin-gadi wadda kuka sani da RAM, da wurin ajiyar fayil, da adireshin IP nasa na kansa. Daga ciki ba za ka taɓa gane cewa ɗaki ne a gidan haya ba, gani za ka yi kwamfuta ce cikakkiya. Wannan ɗakin shi ne ake kira VPS a taƙaice.

Sai dai ranar da aka miƙa muku makulli, ɗakin fayau yake. Babu hoto, babu taga, babu abin dannawa da linzami. Baƙin allo ne kawai da ɗan ɗigo yana ƙiftawa, yana jiran a rubuta masa umarni. Haka aka saba barin uwar-garke, domin yawancin masu haya shafukan intanet suke ɗorawa a kai, ba su bukatar ado. Mu da muke son mu ga fuskar kwamfuta irin wadda muka sani a makaranta, abu biyu za mu sa da hannunmu: ita fuskar kanta, da kuma ɗan aiken da zai riƙa kawo mana hotonta zuwa waya, ya koma da abin da muka danna.

'Yan aiken da suka fi shahara biyu ne, kuma kusan sa'annin juna ne. RDP na kamfanin Microsoft ne, ya fito a 1998. VNC kuma a wani ɗakin bincike na kamfanin Olivetti da ke Kambirij a Ingila aka ƙirƙiro shi, a ƙarshen shekarun 1990. Dukkansu suna aiki, amma a kan layin waya irin namu da ke hawa yana sauka, mun fi jin daɗin RDP. Ba sai kwamfutar hayar tana ɗauke da Windows ba. Akwai wata manhaja ta kyauta mai suna xrdp da ke koya wa Linux yaren RDP. Wannan ya yi mana daidai, saboda hayar mai Windows ta fi tsada, tunda akwai kuɗin lasisi a ciki.

Ku fahimci abu ɗaya da kyau, domin a kansa komai ya rataya: aikin ba a wayarku yake gudana ba. Waya taga ce kawai. Idan kuka buɗe manhajar rubutu, a can Landan ta buɗe. Abin da ke zuwa muku hoton allon ne, kuma ba dukkansa ba, sai gurbin da ya canza. Daga nan abubuwa uku ke biyowa. Na farko, idan kuka sauko da manhaja mai nauyin gigabait ɗaya a kan kwamfutar hayar, ba datarku ta ci ba, layin kamfanin ne ya ɗauka, ku dai kun biya kuɗin kallon sandar da ke nuna saura kaza. Na biyu, idan caji ya ƙare ko sabis ya ɗauke kuna tsakiyar rubutu, aikin yana nan yadda kuka bar shi, da kun dawo za ku tarar da shi a buɗe. Wanda ya taɓa rasa shafi uku saboda an ɗauke wuta ya san darajar wannan. Na ukun shi ne mara daɗi: duk abin da ke motsi a allo data yake sha. Rubutu da lissafi ba su da ci, amma bidiyo ta wannan hanya asara ce biyu, ga shan data ga tsinkewa. Mai son kallo ya kalla a wayarsa kai tsaye.

Akwai kuma batun nisa, wanda 'yan ajin kimiyya za su iya lissafawa da kansu. Haske a cikin wayar gilashi da ke ɗaukar intanet yana tafiyar kimanin kilomita 200,000 a daƙiƙa ɗaya. Wayar ƙarƙashin teku ta MainOne, wadda ta fara aiki a 2010, tsawonta daga Fotugal zuwa Legas kimanin kilomita 7,000 ne. Zuwa da dawowa 14,000 ke nan. Ku raba da 200,000, za ku sami 0.07 na daƙiƙa. Wannan kafin a ƙara tafiyar Legas zuwa Kano ko Sakkwato ko Maiduguri, da ta Fotugal zuwa Landan, da jinkirin turken sabis na unguwarku. Shi ya sa idan kun danna harafi za ku ga ya ɗan yi jinkiri kafin ya bayyana. Ba laifin waya ba ne, kuma babu kuɗin da zai sa haske ya ƙara gudu. Abin da ke hannunku shi ne zaɓen gari. Kamfanin zai tambaye ku inda kuke son ɗakinku. Ku zaɓi Landan ko Amsterdam ko Frankfurt, ku bar Singafo da yammacin Amurka. Kada taswira ta ruɗe ku a kan Afirka ta Kudu: sau da yawa saƙon da ya tashi daga nan sai ya je Turai kafin ya gangaro can. Umarnin ping yana nuna tsawon lokacin zuwa da dawowa, ku gwada kafin ku yanke shawara.

Yanzu maganar kuɗi, wadda ba za mu yi muku rufa-rufa a kanta ba. Ƙananan ɗakunan ana hayarsu ne daga kimanin dala 4 zuwa dala 12 a wata, gwargwadon girma da kamfani. Ku juya wannan zuwa naira a farashin yau, za ku ga ba kuɗin tara ba ne. Mai RAM gigabait 1 zai ɗauki fuskar kwamfuta, amma da kun buɗe manhajar shiga intanet zai fara nishi. Gigabait 2 shi ne mafi ƙarancin da muke ba da shawara. Ana biya da katin banki da ke karɓar cinikin ƙasashen waje, kuma yawancin kamfanonin ba su buɗe asusu ga wanda bai kai shekara 18 ba. Kada ku yi ƙaryar shekaru, kada kuma ku ɗauki katin Baba a ɓoye. Hanyar da muka ga ta fi dacewa da ɗalibai ita ce ta ƙungiya: kulob ɗin kwamfuta na makaranta ya yi karo-karo, malamin kwamfuta ya buɗe asusun da sunansa, kowane ɗalibi a ba shi sunan shiga nasa. Gigabait 2 ba zai ɗauki mutum goma lokaci guda ba, sai a yi jadawali, kamar yadda ake yi da littafi ɗaya a laburare.

Kafin ma a kashe ko kwabo, akwai gwaji na kyauta. Idan akwai tsohuwar kwamfuta a ɗakin kwamfutarku da ba a amfani da ita, ku roƙi malam ya sa mata Ubuntu, ku haɗa ta da wayoyinku a kan Wi-Fi ɗaya. Yawancin matakan da za mu kawo a ƙasa haka suke a kanta. Wanda ya yi kuskurensa a nan bai yi asarar dala ba.

To, a ce malam ya buɗe asusu. A shafin kamfanin za a zaɓi babbar manhaja. Ku ɗauki Ubuntu 24.04, wadda ta fito a Afrilun 2024, kuma tana cikin waɗanda ake kula da su shekara biyar. Cikin minti ɗaya ko biyu za a ba ku adireshin IP, lambobi huɗu da ɗigo a tsakaninsu. Shigar farko ta baƙin allo ce, ta hanyar da ake kira SSH, wadda ke lulluɓe duk abin da kuka rubuta yadda na kan hanya ba zai iya karantawa ba. A kwamfuta mai Windows ko Linux umarnin ssh yana nan a ciki. A wayar Android akwai manhajar kyauta mai suna ConnectBot. Sai a rubuta, a sa adireshinku a gurbin kalmar ƙarshe:

ssh root@adireshi

Wannan root ɗin shi ne mai gida, mai ikon rushe komai da umarni ɗaya, kuma ba a zaman yau da kullum da sunansa. Aikin farko shi ne a yi wani suna na daban, a ba shi izinin aron ikon mai gida idan bukata ta taso:

adduser dalibi

usermod -aG sudo dalibi

Layi na biyun na malam ne da wanda ya wakilta kaɗai. Sauran 'yan kulob layin farko ya ishe su. Za su yi aikinsu, amma ba za su iya taɓa ginin ba. Daga nan a fita, a sake shiga da sabon sunan, a sabunta abin da ke ciki:

sudo apt update

sudo apt upgrade

A nan ne muke son ku tsaya, ku karanta abin da ke tafe sau biyu, domin nan ne masu farawa suke garaje. Kowa yana ɗokin ya ga fuskar kwamfuta ta bayyana a wayarsa, sai ya ce tsaro ya jira gobe. Amma wannan ɗakin ba a lungu yake ba. Ƙofarsa a tsakiyar kasuwar duniya take, kuma akwai manhajojin ɓarayi da ba su da wani aiki sai bin adireshi ɗaya bayan ɗaya suna taɓa kowace ƙofa. Ba ku suke nema ba, ba su ma san da ku ba. Duk wanda ya bar ƙofa a sake shi ne nasu. Kowace hidima a kwamfuta tana da lambar ƙofarta: SSH tana kan 22, RDP tana kan 3389, VNC kuma daga 5900 zuwa sama. Ɓarayin sun haddace waɗannan lambobi fiye da yadda kuka haddace jadawalin sau. Wanda yake ganin muna zuzutawa ne, ya bar sabuwar kwamfutarsa ta kwana ɗaya, washegari ya rubuta wannan:

sudo grep "Invalid user" /var/log/auth.log

Zai ga jerin baƙin da suka kwana suna gwada sunaye irin su admin da test da user, daga adireshin ƙasashen da bai taɓa zuwa ba. Ranar da muka fara ganin namu, sai da muka gyara zama.

Maganin farko katanga ce. Ubuntu tana zuwa da wata mai sauƙi, sunanta ufw. A bar ƙofar SSH a buɗe, a rufe sauran duka:

sudo ufw allow OpenSSH

sudo ufw enable

Ku kiyaye jerin nan, na sama kafin na ƙasa. Mu da kanmu mun taɓa juya shi a wani dare da barci ya fara cin idonmu: muka tada katanga ba mu bar ƙofa ba, muka rufe waya, da safe muka tarar mun kulle kanmu a waje. Abin da ya cece mu shi ne wata taga ta gaggawa da kamfanoni ke bayarwa a shafinsu, wadda ke shigar da mai asusu ko da katanga ta rufe. Ku nemi inda take tun kafin ku bukace ta.

Magani na biyu shi ne kalmar sirri. Sunanku da shekarar haihuwa ba kalmar sirri ba ce, lambar waya ma haka, sunan ƙungiyar ƙwallon da kuke goyon baya kuwa ya fi su muni. Ku haɗa kalmomi huɗu ko biyar na Hausa da ba su da dangantaka da juna, ku sa lamba a tsakani. Tsawo ya fi ƙawa amfani. Abin da ya fi wannan ma shi ne makullin SSH, wato wasu fayiloli biyu da ake ƙerawa da umarnin ssh-keygen, ko a cikin ConnectBot: ɗaya ya zauna a wayarku ba ya fita, ɗayan a ajiye a uwar-garke. Idan kowa a kulob ya sami nasa, sai malam ya hana shiga ta SSH da kalmar sirri gaba ɗaya, masu gwada sa'a su yi ta bugun iska. Za mu ware wa wannan mako guda nan gaba.

Sai yanzu za a shigo da kayan ɗaki. Fuskokin Linux suna da yawa. Wadda Ubuntu ke zuwa da ita a kwamfutar tebur, GNOME, kyakkyawa ce amma tana da ci. Xfce ba ta da kwalliya sosai, sai dai ba ta cika wuri, ita ce daidai ƙaramin ɗaki:

sudo apt install xfce4 xfce4-goodies xrdp

sudo adduser xrdp ssl-cert

echo xfce4-session > ~/.xsession

sudo systemctl restart xrdp

Layi na uku shi ne ke gaya wa xrdp fuskar da zai buɗe, kuma kowane ɗalibi sai ya rubuta shi a ƙarƙashin sunansa. Idan kun shiga kuka ga allo ya tsaya babu komai, ko ya buɗe ya rufe nan take, nan za ku fara dubawa.

Mai lura zai ce: ai mun rufe ƙofa ta 3389 da katanga, ta ina RDP zai shiga? Da gangan muka yi. Za ku ga bayanai da yawa a intanet suna cewa a buɗe 3389 kawai a huta. Mu ba mu yarda ba. A 2019 an gano wata ɓaraka a RDP na tsofaffin Windows, aka sa mata suna BlueKeep, wadda ke ba ɓarawo damar shiga ba tare da ya san kalmar sirri ba, har Microsoft ta fitar da gyara ga Windows XP da ta daɗe da daina kulawa da ita. Wannan ɓarakar ba ta shafi xrdp ba, amma darasin ɗaya ne: ƙofar da ba a buɗe ba, ba a fasa ta. Abin da ake yi shi ne a bi da RDP ta cikin SSH, kamar a sa wasiƙa cikin ambulan da aka liƙe:

ssh -L 3390:localhost:3389 dalibi@adireshi

Ma'anarsa, duk abin da ya shiga ƙofa ta 3390 a na'urar da ke hannunku, a ɗauke shi ta cikin SSH a kai shi ƙofa ta 3389 a can. A ConnectBot akwai wurin tura ƙofa inda za a cike waɗannan lambobi ba sai an rubuta umarnin ba. A bar wannan haɗin a buɗe, sannan a buɗe manhajar RDP. A Windows sunanta Remote Desktop Connection, tana nan a ciki. A Linux akwai Remmina. A Android akwai ta Microsoft, wadda yanzu ake kira Windows App, akwai kuma aRDP. Inda aka nemi adireshin kwamfuta, ba adireshin uwar-garke za a sa ba, sai 127.0.0.1:3390, wato na'urar ta kira kanta. A sa suna da kalmar sirri. Bayan 'yan daƙiƙoƙi fuskar Xfce za ta bayyana da ɗan ɓeranta na tambari, tana zaune a Turai, kuna juya ta da yatsa daga ɗakinku.

Don rage shan data, a mayar da girman allo 1280 da 720, a rage zurfin launi zuwa 16 inda manhajar ta ba da dama, a cire hoton bango a sa launi ɗaya, a kashe sauti. Ku tsaya a kan zurfin launi guda, domin idan kun canza shi xrdp na iya buɗe muku sabon zama, ku ɗauka aikin jiya ya ɓata alhali yana can a tsohon.

Mu koma kan yaron unguwa. Ku tambayi kanku: abin da kamfani ke haya da dala, yaya aka yi wani yake sayar da shi ƙasa da kuɗin cajin waya na mako? Galibi amsar ita ce ba nasa ba ne. Ko dai an yi hayar da katin banki na sata, ko kuwa kwamfutar wani ofis ce ko asibiti ko makaranta a wata ƙasa, wadda masu taɓa ƙofofin nan suka samu a sake. Wannan kasuwa ce sananniya. A 2016 kamfanin tsaron kwamfuta na Kaspersky ya fallasa wani shafi mai suna xDedic da ke tallar shiga uwar-garke sama da 70,000 da aka fasa, wasu a kan dala 6 kacal. A Janairun 2019 hukumomin Amurka da na Turai suka rufe shi. Masu saye kuwa yawanci 'yan damfara ne da ke son a ga kamar daga wata ƙasa suke magana. A Nijeriya dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta haramta shiga kwamfutar wani ba da izini ba, kuma hukuncin ya haɗa da tara da ɗauri. Cewa ni saya na yi ban san ta sata ba ce, magana ce da za ku yi wa mai bincike bayan an riga an zo gidanku. Ko ba a kama ku ba, wanda ya sayar muku yana da makulli shi ma. Duk kalmar sirrin da kuka rubuta a ciki, ta imel ko ta Facebook ko ta banki, kun rubuta ne a gabansa.

Haka nan ku ma naku ɗakin. Idan wani babban yaya ya ce ku ara masa sunan shigarku na dare ɗaya zai yi wani ɗan aiki, ku ce a'a. Duk abin da ya fita daga wannan adireshi, sunan malaminku ne a kai.

Me za a yi da ita bayan duk wannan wahala? Abin da 'yar aji biyar ɗin nan take nema tun farko. Da umarnin sudo apt install libreoffice-writer libreoffice-calc za a sami manhajar rubutu da ta jadawalin lissafi, masu kama da Word da Excel da ake koya muku a aji. Yaren Python yana cikin Ubuntu tun asali, idan aka ƙara thonny an sami wurin rubuta shi mai sauƙi ga mai koyo. Wani abin da ya burge mu: Linux tana da tsarin allon rubutu na Hausa, mai ɓ da ɗ da ƙ, wanda ake kunnawa da setxkbmap ng hausa. Sai dai mu faɗa muku gaskiya, juya fuskar kwamfuta da yatsa a kan allon waya mai inci shida akwai gajiya, kuma ba zai koya wa hannu bugun rubutu ba. Tun 2015 JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta, kuma abin da ke kayar da wasu a ɗakin jarrabawa rashin sabo da linzami da allon rubutu ne. Idan da hali, a nemi ɗan mahaɗin OTG a kasuwar waya, a jona allon rubutu da linzami na USB ko na hannu ne. Yawancin wayoyin Android suna karɓa. A jingine wayar a jikin littafi, an sami kwamfuta.

Abu biyu suka rage. Kwamfutar haya ba taku ba ce, kuma hanyar zuwa gare ta tana iya yankewa. A ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin ƙarƙashin teku huɗu suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet ya yi rauni a Nijeriya da Gana da maƙwabtansu na kwanaki. Wanda aikin da zai miƙa wa malami yake Landan kaɗai a wannan makon ya ga ta kansa. Duk abin da kuka gama, ku tura wa kanku kwafi ta imel ko ku sauko da shi waya a ranar.

Na ƙarshe na malam ne mai riƙe da kati. A yawancin kamfanonin nan kashe kwamfutar ba ya tsayar da kuɗi, domin ɗakin yana nan da sunanku ko kuna ciki ko ba kwa ciki. Idan hutun ƙarshen zango ya zo, a kwashe fayiloli, sannan a shiga shafin kamfanin a goge kwamfutar gaba ɗaya, a duba a tabbatar ta fita daga jerin abin da ake caji. In an dawo hutu, sake gina ta da umarnin da ke sama ba zai wuce rabin awa ba, kuma gara a bar wani ɗalibin daban ya yi a wannan karon.

A mako mai zuwa za mu ɗauki makullin SSH daki-daki, daga ƙera shi a waya har zuwa rufe shiga da kalmar sirri. Wanda ya gwada matakan yau ya maƙale, ya rubuto mana ainihin saƙon da allon ya nuna masa, harafi da harafi, amma ban da adireshin IP da kalmar sirri.